Gidanmu na Bayan Gari: Sharhi a kan Ginin Gayya

Ranar da muka zauna rabon aikin wannan ɗan littafi, aka ce kowa ya zaɓi abu guda ya yi sharhi a kansa. Wasu suka ɗauki littafi, wata ta ɗauki fim, wani ya ce waƙa zai feɗe. Ni na ce gida zan ɗauka. Aka bushe da dariya, wani daga baya ya ce, "Yo gida kuma? Ana karanta gida ne?" Na ce ana karantawa mana. Gida aikin mutane ne, da tunani aka tsara shi, da hannu aka yi shi, kuma yana da daidai yana da kuskure. Bambancinsa da littafi, in littafi bai yi kyau ba sai ka rufe ka aje, gida kuwa in bai yi kyau ba a cikinsa mahaifiyarka za ta kwana ana ruwa.

Gidan da zan yi magana a kansa namu ne. Yana bayan garin Maradi, mu muka gina shi da hannunmu a ranin 2022, kuma bangonsa na gabas ya zube a ƙarshen watan Agusta na 2024. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo. Tun daga ranar nake juya maganar a raina, don ina da hannu a cikin abin da ya faru. Zan faɗi abin da ya yi kyau a ginin, in faɗi inda muka kuskure, ba don in tona asirin gidanmu ba, sai don na san rabin masu karanta wannan takarda daga irin gidan nan suka fito, saura kuma irinsa za su gina.

Yadda aka yi shi

Baba ya sayi filin tun gari bai kai wajen ba, lokacin gonaki ne kewaye da shi. Ya karɓo takardarsa daga meri ya sa a ƙasan akwati, muka ci gaba da zaman haya, mu tara a ɗaki biyu. Kowane ƙarshen wata sai ka ga fuskar Baba ta canza. Wanda bai taɓa jin sallamar mai gidan haya da sassafe ba, ba zai gane abin da ya sa talaka yake ɗokin nasa ba ko da bukka ce.

Abin da ya tada aikin, Yaya ne. Yana can Aljeriya yana leburancin gini, ya tara abin da ya tara ya aiko. Inna ta kwashi adashenta na kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta haɗa da awakinta biyu ta sayar. Kawu mai amalanke ya ce shi ba ya da kuɗi amma ƙasa da yashi a wuyansa. Ƙannen Baba suka zo daga ƙauye bayan an gama girbi an kai hatsi rumbu. Mu samari muka kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi, muka tattake da ƙafa, muka buga bulon ƙasa a akwatin katako muka jera a rana. Ƙannena mata biyu da Inna su ne ruwa. Famfo na da nisa, bido-bido suke ɗaukowa a ka tun asuba, kuma duk wanda ya taɓa kwaɓa ƙasa ya san yadda take shan ruwa. Kafin zafin Afrilu ya kankama mun tada ɗaki uku, da ɗan zaure, da katanga, da makewayi. Ɗaki biyu aka rufe da tol. Ɗakin Inna kuwa ta ce ita rufin ƙasa take so irin na gidan ubanta, aka jera itace aka shimfiɗa zana aka zuba ƙasa.

Abin yabo a ciki ba kaɗan ba ne, kuma ba na so sukar da ke tafe ta rufe shi. Ba mu ci bashin banki ba, wanda dama ba a ba irinmu. Ba a biya lebura ko ɗaya ba, tuwo da fura da goro kawai aka kashe. Ni da nake lakkol tun ina ƙarami, a wannan ranin na koyi yadda ake gane ƙasar gini da hannu, in ta yi yashi da yawa ta ruguje, in ta yi laka da yawa ta tsage. Ƙannen Baba da muka daɗe ba ma haɗuwa sai a biki ko rasuwa, muka yi wata biyu muna ci a kwano ɗaya. Ranar da muka tare, Inna ta zauna a ƙofar ɗakinta ta yi shiru har aka kira magariba. Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma na ga gaskiyar maganar da idona.

Sai dai karin maganar nan ta tsaya a ɗauka. Ba ta faɗi wanda zai ce a aza jinkar nan ko can ba, ba ta kuma faɗi mai ɗakin ba in an gama azawa. A nan matsalolinmu suke.

Hannu da yawa, magini babu

Akwai wani tsohon magini a tsohuwar unguwarmu, Baba ya kira shi ya duba filin. Ya zagaya, ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza, ya dubi inda ciyawa ta kwanta, sannan ya ce, "Alhaji, hilin ga bisa hanyar ruwa yake. In kuna son ya daɗe, a yi tushe mai zurfi, a ɗaga shi da dutsi ko bulon siminti har gwiwa, sannan a aza ƙasa." Ya faɗi ladansa na aikin gaba ɗaya. Babban ƙanen Baba ya ce, "Haba Yaya, mu da muke gina rumbunanmu da ɗakunanmu tun muna yara, sai an biya wani? Kuɗin nan a sa a tol." Baba ya ji nauyin ƙaninsa da ya baro ƙauye ya zo taimako kyauta. Aka riƙe maginin kwana shida ya fitar da kusurwa, aka sallame shi. Tushen da aka haƙa bai kai kamu biyu ba, kuma ƙasa ce tun daga ƙasa.

Wannan shi ne aibin gayya na farko. A taron dangi, maganar babba ce take ci, ko ta wanda ya fi kawo gudummawa, ko ta wanda ake jin kunyarsa. Maganar wanda ya fi sanin aikin tana zuwa daga baya, balle in bare ne da ake biya. Wanda ya zo maka aiki kyauta ba ka iya ce masa bangon da ya ɗora ya karkace, a rushe. Lebura ana gyara masa aiki, ɗan uwa kuwa godiya ake yi masa.

Kuma ba haka kakanninmu suka yi ba, kada a ɗora musu. A garuruwan Hausa gini sana'a ce ta gado, da sarautarta ta Sarkin Magina. Wanda ya je unguwar Birni a Damagaram ya ga soraye da zankwaye da zanen da ke jikin ƙofofi, ya san ba taron ƴan uwa ne kawai ya fitar da su ba. Akwai mutanen da suka san yadda ake jera azarar giginya, wadda gara ba ta ci, yadda ake ɗaure bakan gizo ya ɗauki nauyin rufi, yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango, yadda ake haɗa laso da katsin marina don ruwa ya zame. Jama'a na kawo ƙarfi, magini na kawo sani.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne masallacin Juma'a na Yama, a jihar Tawa. A 1962 aka fara shi, kuma aikin gayya ne na gari guda: wasu na buga tubali, wasu na kaiwa, mata na ɗebo ruwa, wasu na saro itace. Amma akwai mutum ɗaya da ake jin maganarsa, Falke Barmu, manomi kuma magini. Shi ya sake rufin daga baya ya sa baka da tulluwa, shi ya tada hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da kamarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine. Masu yabon Yama sun fi son su ce "jama'a ce ta gina". Gaskiya ne, amma jama'ar da ta yarda ta bi magini. Mu mun ɗauki rabin al'adar, rabin da ba a biya, muka bar rabin da ake biya.

Game da hanyar ruwa kuwa, bai kamata ɗan Maradi ya buƙaci tuni ba. Tsohon garin a kwarin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi aka hau tudu. Yau gari ya faɗaɗa, ana yanka filaye a gonaki da kwaruruka, mai saye yana duba farashi da kusancin titi, ba ya tambayar tsofaffin wajen inda ruwa yake bi da damina.

Laifina

Yanzu na zo kan nawa. Da aka gama gini, kuɗin Yaya sun rage kaɗan. Baba ya ce a aje don yaɓen baɗi. Ni na ce a'a, a sayi siminti a shafe bangon waje. Na kawo hujjoji irin na ɗan lakkol: siminti na hana ruwa, an huta da yaɓe, gida zai yi daraja. Hujjar gaskiya ban faɗe ta ba. Kunya nake ji abokaina na jami'a su rako ni su ga jan bango. Ina so in wuce a ce gidan su wane "sami-dur" ne. Baba ya dube ni ya ce, "To, ku ne kunka yi karatu." Aka sayi siminti.

Abin da ban sani ba, kuma da na tambayi tsohon maginin da ya gaya mini a kyauta, shi ne siminti da ƙasa ba sa zama lafiya. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitarwa, yana ɗan kumbura yana komawa. Siminti ba ya motsi tare da shi. Bayan zafi da sanyi sun bi ta kansa sai ya yi ƴan tsaga, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya zauna tsakanin shafen da bangon yana cin ƙasa a ɓoye. Daga waje bango sumul, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Yaɓen ƙasa in ya zaizaye kana gani, ka kwaɓa ka mayar. Na siminti ba ya nuna maka komai sai ranar da ya ɓalle. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ke shan duka. Namu ruwa ya ci shi ta sama a bayan shafe, ya ci shi ta ƙasa inda babu tushe. Daren da aka yi babban ruwan nan, shafen ya fara faɗowa falle-falle, kafin asuba bangon ya zauna.

Simintin da na sa aka shafa a fuska, da a tushe aka zuba shi kamar yadda maginin ya ce, da yau wani sharhin nake rubutawa. Mun sa kuɗinmu inda ido ke gani, muka bar inda ruwa ke bi.

Na tambayi kaina daga ina kunyar nan ta zo mini. Wani ɓangare daga harshen da muka yi karatu da shi ne. A faransancin takardun hukuma, siminti da ƙarfe su ne "matériaux définitifs", wato kayan dindindin. Ginin siminti "en dur" ne, mai ƙarfi. Namu kuwa "banco", abin da ake zama a ciki kafin Allah ya hore. Yaron da ya tashi yana jin haka, ko ba a ce masa gidan ubansa abin kunya ne ba, ya riga ya fahimta. Har a maganar aure ana tambaya, gidan nasu na ƙasa ne ko na siminti?

Tol ɗin ma haka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakunanmu biyu ba sa shiguwa daga hantsi har bayan isha'i. Kowa ɗakin Inna yake gudu, mai rufin ƙasar da muka yi wa dariya. Kaurin ƙasa yana riƙe zafin rana ya hana shi shiga da wuri, tol kuwa yana zubo maka shi a ka nan take. A ɗakin Inna na yi bitar jarrabawata ta shekara ta biyu, a kan tabarmarta, tana yi mini tsiya.

Gidan wa?

Aibi na uku bai fito ba sai da bango ya faɗi aka zo maganar gyara. Yaya ya bugo waya ya ce zai sake aiko da kuɗi, amma wannan karon a rushe ɗakin gabas gaba ɗaya a yi na bulon siminti, don a nan zai sa amaryarsa in ya dawo. Ya ƙara da cewa, "Ai dama kuɗina ne suka gina." Baba ya yi shiru. Da aka kashe waya ya ce, "Hilin kuma na wa?" Babban ƙanen Baba, da labari ya kai masa, ya aiko cewa ɗansa zai shigo gari karatu, a ba shi ɗaki, ai da guminsu a ciki. Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya.

Sai ƙanwata, wadda ta yi wata biyu tana ɗaukar bido har gashin tsakiyar kanta ya karye, ta ce da ni a hankali, "Yaya, mu ruwan da muka ɗebo, a wane ɗaki yake?" Ban sami amsa ba. Ana lissafin kuɗin Yaya har jikka ta ƙarshe, don sun biyo ta takardar aike. Ana tuna amalanken Kawu. Awakin Inna da adashenta sun zama "taimako". Ruwan ƴan mata kuwa ko a taimako ba a sa shi ba, aikin gida ne. Alhali da mai ruwa aka saya wa bido-bidon nan, da kuɗinsu sun yi wani ɗakin.

Mukan ce gayya kyauta ce. Ni yanzu na ɗauke ta bashi, bashin da ba a rubuta ba, ba a faɗi adadinsa ba, ba a sa ranar biya ba. A ƙauye da can wannan bai dami kowa ba, saboda biyan a bayyane yake: ka yi mini bana, in yi maka baɗi, fili kuma na gandu ne, ba mai sayarwa. A birni fili ya zama dukiya mai tsada da takarda da suna guda a kanta. Mun kawo tsarin gandu mun aza a kan filin da ake saye da sayarwa. Muddin uba na raye, girmansa na rufe komai. Ranar da ya kau, za a raba gado bisa abin da ke cikin takarda, kuma duk wanda ya zuba kuɗi ko gumi a filin da ba sunansa sai ya nemo shaidu. Ku tambayi duk wanda ya taɓa zama a fadar hakimi ko ƙofar alƙali irin shari'un da suka fi yawa tsakanin ƴan uwa. Gidan da zumunci ya gina yakan zama shi ne sanadin rabuwarsa.

Ga masu yabon ƙasa

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ina cikin masu cewa mu koma ginin ƙasa kawai a huta. Ina da magana da su su ma.

Na san aikin Mariam Issoufou Kamara, kuma ina girmama shi. A Dandaji, a jihar Tawa, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. A Yamai ma akwai gidajen da ake kira Niamey 2000, da irin wannan bulon. Waɗannan ayyuka sun karya maganar cewa ƙasa kayan talauci ce, sun nuna za ta iya yin bene, ta yi kyau, ta yi sanyi. Haka nan tun wajen 1980 ake koya wa magina a ƙasar nan rufin ɗaki da bulon ƙasa zalla, baka da tulluwa, ba tare da itace ko ɗaya ba, saboda itacen rufi ya yi wuya.

Tambayata ita ce, ina hanyar da ta taso daga Dandaji ta iso bayan garin Maradi? Baba bai taɓa ganin injin matse bulo ba. Ba shi da mai zanen gida, ba shi da mai auna ƙasa. Abin da ke gabansa shi ne mai sayar da siminti a bakin titi da ƙaninsa mai cewa mun iya. Ilimin yana nan a ƙasarmu, amma ya tsaya a manyan ayyuka da hotunan mujallun waje, bai sauko inda ake gina yawancin gidaje ba, wato hannun iyalai irin namu. Mu ɗalibai da ya kamata mu zama tsani, ga abin da ni na kai gida: shafen siminti.

Sannan masu yabon ƙasa ba sa son a tuna musu cewa tana son hidima. Kowace shekara kafin damina sai an duba rufi, an share indararo, an yi yaɓe. Da can akwai hannuwan yin haka a kowane gida. Yau samarin suna Aljeriya da Libiya da Legas da wuraren haƙar zinariya, ko suna aji. Matar da mijinta ya rasu, ƴaƴanta na ci-rani, in ta ce bulon siminti take so don ta huta da fargabar damina, ba jahilci ba ne, lissafi ta yi. A daminar 2024 ɗin nan, kwanaki kaɗan bayan namu bangon, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Ruwan da ake yi yanzu, mai sauka da yawa cikin ɗan lokaci, ba ya wasa da ginin da aka yi sakaci da shi ko kaɗan.

Shi ma simintin ba tsira ba ne in aka yi masa irin namu aikin. A unguwarmu katangun bulo sun faɗi a daren nan. Saboda tsada, musamman lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya bayan Yulin 2023, mutane na matsa wa buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙarfinsa, har ka murza gefen bulo da yatsa ya zube. Ga masana'anta a Malbaza, gwamnati kuma ta rage farashi a ƙarshen 2024, an ji sauƙi. Amma arhar siminti ba ta gyara tushen da ba a haƙa ba. Gardamar ƙasa ko siminti da muke yi a fada har dare, ina ganin ta kauce wa wurin. Abin tambaya shi ne a ina ruwa ke bi, wa ya san aikin, wa zai kula da ginin bayan an gama.

Inda muka tsaya

Bayan damina na je na sami tsohon maginin. Na yi zaton zai ce ai na faɗa muku. Bai ce ba. Ya ce, "Ɗana, tun ran gini ran zane. Amma bango ne, ana sakewa." Ya zo ya duba, ya ce ɗakin gabas kawai za a sauke, a haƙa tushe a ɗaga shi da bulon siminti mai kyau, a ci gaba da ƙasa, a fito da bakin rufi ya kare bango, a ɓamɓare sauran shafen da na sa kafin shi ma ya yi ɓarna, a yi wa ruwa hanya ta bayan katanga. Wannan karon za a biya shi har ƙarshen aiki, kuma an yi da ƙannen Baba cewa a wajen gini maganarsa ce magana. Yaya bai so ba da farko. Da na tuna masa a ɗakin wa yake kwana in ya zo hutu da bazara, ya yi dariya ya ce a yi.

Maganar takarda ce ta fi wuya. Na sami Baba a zaure bayan la'asar na ce, "Baba, ina ganin da mun rubuta abin da kowa ya sa a gidan nan, na da da na yanzu, a faɗi wanne kyauta ne wanne bashi, ku sa hannu, shaidu su sa." Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Takarda tsakanina da ɗiyana? Mutuwata kake jira?" Na ba shi haƙuri na tashi. Kwana biyu ba ya amsa mini gaisuwa da sakin fuska. Limamin unguwa ne, da maganar ta kai kunnensa, ya tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba don an raina amanar kowa ba.

Baba bai ce ya yarda ba har yau. Abin da ya yi, ran Juma'ar da ta wuce ya miƙo mini wani tsohon kaye na lissafinsa ya ce, "Rubuta mu gani, ban ce zan sa hannu ba." Na rubuta filin da sunansa. Na rubuta kuɗin Yaya. Na rubuta adashen Inna da awaki biyu, da amalanken Kawu, da kwanakin ƙannensa. Da na zo kan ƴan mata na rubuta sunayensu da wata biyu na ruwa, na karanta masa. Ya ce, "Har da ruwa?" Na ce, "Har da shi, Baba." Ya karɓi kayen ya daɗe yana dubawa, ya sa a aljihun rigarsa ya tafi masallaci.

Za mu fara buga bulo in an gama girbi. Duk wanda ke Maradi cikinku yana da hannu a gayyar, akwai fura. Wanda kuma gidansu ke shirin gini a wannan rani, kafin a kwaɓa ƙasar farko ya je ya tsaya a filin ya tambayi maƙwabta inda ruwan bara ya bi.